Kogon da ke Hagu da Ƙofa

Darmaji ya baro wurin aiki da ragowar ruwan kumfa a duro biyu, ya kama hanyar gida rana na shirin faɗuwa. A unguwarsu ta bakin teku a birnin Semarang ƙasa ba ta da alƙawari. Kowace shekara sai ta ƙara nutsewa, gidaje su bi ta. Abincinsa ke nan: ya huda daɓen siminti, ya ɗura ruwan ta tiyo, ruwan ya kumbura ya zama kumfa mai tauri, daɓe ya taso ya koma daidai. Ya ɗaga barandar rabin unguwa, amma tasa ta lotsa ta hagu da ƙofa, har in ka ajiye kofin shayi sai ya kama tafiya.

Yana sauke kaya tsohuwar maƙwabciyarsu Mbah Karsih, wato Kaka Karsih, ta leƙo daga inda take suyar ayaba.

"Da magariba, Ji? Duk tsawon yini ka rasa lokacin huda ƙasa sai yanzu?"

"Yanzu zan gama, Mbah."

"Kuma hagun za ka huda ko? Kai dai kunnuwan nan naka na ado ne."

Ta kwashe kaskonta ta shige, ta ja ƙofa.

Ya san abin da take nufi. Ranar da aka haifi 'yarsa Tiwi, shi da hannunsa ya wanke mabiyiyarta, ya sa a tukunyar ƙasa, ya binne ta hagu da ƙofa kamar yadda ake yi wa 'ya mace, ya kunna fitila a kai. Kowa a nan ya san mabiyiya ƙanwar jariri ce, tare suka zo, kuma tana nan tana jiransa iya rayuwa. Daga baya aka zuba siminti a wurin, aka manta. Sai da zazzaɓi ya ɗauke Tiwi a daminar bara, tana aji biyu, kusurwar ta fara lotsawa.

Tun daga nan matarsa Lasmini ta bar shi, ko da yake gida ɗaya suke kwana. Kullum da magariba sai ta zauna a kusurwar, ta kwantar da kumatunta a kan siminti tana magana ƙasa-ƙasa. Ba ta cin abinci tare da shi, ba ta kallon idonsa. Ya rasa 'ya, ga shi yana rasa uwar a tsaye, abin yana cinsa ba kaɗan ba. Yau ta tafi karatun mata a masallaci. Ya raya a ransa cewa in ya cike kogon, babu sauran wurin magana, matarsa za ta dawo masa.

Ya tayar da janareta. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa daɓen da guduma yana neman inda babu ƙasa a ƙarƙashi. Nan tauri. Nan ma tauri. Kusa da ƙofa sai ya ji amon ganga.

Ya huda. Ƙurar siminti ta tashi ta kwanta. Ya saba in ya huda ya ji warin taɓo da gishiri. Wannan karon abin da ya fito daga 'yar hudar ƙamshin man shafawar jarirai ne, da ɗuminsa.

Ya goge hanci da hannun riga. Ya soka bakin tiyo ya matsa.

Ruwan ya riƙa shiga yana huci. Tiyon ya yi zafi a hannunsa. Ya zuba wa daɓen ido, amma ko motsi. Abin da ya ɗura ya isa ɗaga gaban shago, wannan ɗan kogo kuwa bai ƙoshi ba.

Ladan ya ɗaga murya daga nesa. Janareta ya yi tari ya mutu.

Shiru. Kwaɗin kwata ma sun yi tsit.

Ƙwas, ƙwas. Daga ƙasa.

Ya ce wa kansa kumfa ce ke kama jikinta. Haka take yi wani lokaci.

"Mama?"

Murya ce siririya, daga cikin hudar. Muryar Tiwi ce sak, sai dai babu numfashi a tsakanin kalmomin.

Muryar ta ci gaba: "Ba Mama ba ce. Baba ne. Na gane hannunka, kai ka wanke ni."

Ya nemi addu'a ya rasa farkonta.

Kumfa ta fara bulbulowa ta gefen tiyo, ruwan ɗorawa, tana tururi. Ta taru. Ta rabu gida biyar. 'Yan yatsu ne ƙanana, suka kewaye masa wuyan hannu.

Zafi kamar an ɗora masa garwashi.

"Baba, ina Yaya Tiwi?"

Ya ja. Riƙon bai saki ba.

"Mama ta ce tana makaranta. Jiya ma makaranta. Shekaranjiya ma. Ba a tashi ne?"

Sai a lokacin ya gane abin da Lasmini ke faɗa wa siminti kowace magariba.

Daɓen ya yi ƙara ya tsage daga ƙofa zuwa bakin baranda. Hannunsa ya shige tsagar har gwiwa. Ƙasan babu iyaka, sai sanyi da motsin ruwa.

"Zo ka raka ni mu ɗauko ta."

Kafaɗarsa ta taɓa siminti. Kumfa ta hau masa wuya tana taurara.

Da ya ce tana hanya, wataƙila da an sake shi. Amma tsoro bai bar masa dabara ba, kuma ya daɗe yana danne maganar.

"Ta rasu!" Kuka ya ƙwace masa. "Tiwi ta rasu tun bara. Ni na sa ta a kabari. Ba za ta dawo ba."

Yatsun suka tsaya.

"Au," in ji muryar, a hankali.

Riƙon ya saki. Ya faɗi da baya, ya ja jiki da gwiwoyi har bakin titi. Yana kallo daɓen ya taso sannu, tsagar ta haɗe baki, kusurwar ta daidaita da sauran.

A nan Lasmini ta same shi, mayafin sallarta a hannu. Ta dubi duro, ta dubi tiyo, ta dubi ƙunar hannunsa. Ta wuce shi ta durƙusa, ta kwantar da kumatunta. Ta ƙwanƙwasa da yatsa. Ta kira a hankali. Ta daɗe a haka.

"Me ka gaya mata, Mas?" Haka mace ke kiran miji a nan, shi kuma ya ce mata Dik.

"Gaskiya, Dik. Ta kusa tafiya da ni."

Lasmini ta ɗago. Rabon da ta kalle shi ido cikin ido tun ranar jana'iza, kuma da ya sani da bai roƙi wannan kallon ba.

"Duk duniya ita kaɗai ce ba ta sani ba," ta ce. "In ina gaya mata Tiwi na makaranta, ni ma sai in ji tana can."

Barandar ba ta sake lotsawa ba, ko da gidajen layin suka ci gaba da nutsewa. Lasmini ta daina zama a kusurwar. Tana dafa abinci, tana zuba masa, tana zama su ci tare, in ya yi magana ta amsa. Maƙwabta suna yi masa barka, wai ta warware. Shi kaɗai ya san tun daren nan sunan Tiwi bai sake fitowa daga bakinta ba, kuma in ya ambata sai ta tashi ta kwashe kwanuka.