Wa Ya Mai da wa Alhaji Hula?

A gindin tsamiyar bakin kasuwar Wurno Yusha'u ya fara ganin Kyauta, kuma maganar farko da ta gaya masa ita ce ƙarya yake yi.

Zamanin Turawa ne, shekarun da anka shigo da yaƙi da jahilci. Yusha'u shi ne malamin ajin manya. Kafin nan ya yi shekara huɗu a Jos yana wanke kwanoni a wani gidan hutu bisa duwatsu, inda Turawa ke zuwa shan sanyi. Can ya koyi boko, can kuma ya kwaso wata cuta: sai ya rubuta littafin kisan kai wanda mai karatu ba zai gane makashin ba sai shafin ƙarshe.

Ranar yana karanta wa abokansa babin farko. An tsinci gawar wani attajiri a gindin dutse bayan gidan hutu, ga riga a jiki, ga hula a kai. Kyauta tana gefe, tana taya gwaggonta Habi sayar da ƙuli-ƙuli.

"Malam, wagga dai ƙarya ta," in ji ta.

Yusha'u ya ɗaga kai. "Mi kinka ce?"

"Wanda yaf faɗo daga bisa dutse ba shi isa ƙasa da hula bisa kai. Ko jaki yak kada mutum, hula ka fara tahiya."

Abokai sunka fashe da dariya. Shi bai yi ba, kallonta yake.

"To in goge?"

"Kak ka goge. Bar ta nan. Wani na yam mai da mashi ita. Nemo shi."

Yusha'u ya isa gida bai san ta wace hanya ya bi ba.

Kyauta ta iya boko, a ajin mata ta koya wajen matar malamin asibiti. Sai takardu sunka fara kai da kawo a cikin ƙwaryar Gwaggo Habi, wadda ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san abin da ake ciki sarai.

Ya rubuta: "Zuwa ga Kyautar Allah, gaisuwa mai yawa. Mutum uku nake zargi: kuku, da direban mamacin, da abokin cinikinsa. Na kasa zaɓe. Na kuma kasa cin tuwo. Naki, Yusha'u."

Ta amsa: "Malam Mai Gawa, ka ci tuwo, mai yunwa ba ya kama makashi. Kuku ba shi da dalili, cire shi. In kuwa ganina kake so, ƙofar gidanmu ba bisa dutse take ba."

Ya gane karatun. Ya tura kawunsa Halliru wajen mahaifinta.

Mahaifin nan, Alhaji Attahiru, manomin albasa ne a fadama. Da ƙafa ya je Makka, shekara bakwai tafiya da dawowa. Duk unguwarsu shi kaɗai ya taɓa zuwa. In ka ce "Alhaji" ka gama magana, ba sai ka ƙara suna ba.

Ya saurari Halliru har ƙarshe, sannan ya ce, "Mai wankin kwanon Nasara? Wanda sana'atai ƙirƙirar gawa? Ku yi haƙuri."

Shi Alhaji, Ƙasimu yake so mata, malamin awon auduga, mai keke da agogo. Bai ce dole ba, amma kowa ya ga inda ya karkata.

Takardu dai ba su tsaya ba. A nan ne Yusha'u ya yi wautar da ta kusa kai shi gidan yari. Mamacin littafinsa ba shi da suna, sai ya riƙa ce masa Alhaji, don a Jos alhazai sun yi yawa har ba a waiwayarsu. Ya manta inda yake.

Wata Laraba ciniki ya ruɗa Gwaggo Habi. Takardar naɗi ta ƙare mata, ta lalubo wata a gindin ƙwarya, ta naɗe ƙuli-ƙuli, ta miƙa wa mai saye. Mai sayen Ƙasimu ne. Ya ci ƙuli, ya karanta takarda, ya hau keke, sai fadama.

Bayan la'asar anka kira Yusha'u zauren Alhaji. Ya tarar da kawunsa a takure, ga ɗan doka tsaye a bakin ƙofa. Ƙasimu ya gyara murya ya karanta takardar mai maiƙo:

"Hasken idona, na shirya. Alhaji zai mutu ran Jumu'a da hantsi. Turo shi za a yi daga bisa dutse, a mai da masa hularsa. Saura abu ɗaya, hannun wa? Ke za ki zaɓa. Kada kowa ya ji sai mun gama."

Alhaji ya dubi Yusha'u. "Rubutunka na?"

"Nawa na, Baba."

"To, Jumu'a jibi ta. Ga ni. Wane dutse?"

Sai muryar Kyauta ta fito daga bayan asabarin ƙofar cikin gida.

"Baba, ka gafarce ni. Ba kai ba na. Alhajin takarda na. A bari shi karanta, in ƙarya muka yi a tahi da mu duka biyu."

Hannu ya turo ɗaurin takardun littafin ta ƙarƙashin asabari.

"Karanta," in ji Alhaji.

Yusha'u ya ɗauka ya fara. Ya karanta garin da ke bisa duwatsu, inda ake hura wuta a cikin ɗaki saboda sanyi, da attajirin da ya hau can neman lafiya, da gawar da anka tsinta. Ƙasimu ya ce ai wannan dabara ce. Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ɗan doka ma ya matso ya tsuguna.

Da karatu ya tsaya, Alhaji ya ce, "Ci gaba mana. Wa yak kashe shi?"

"Ba mu sani ba, Baba. Wata uku ke nan muna nema."

"Kai ka yi gawar, ba ka san wa yak kashe ta ba? Boko ke nan!" Ya yi tsaki. "Direban nan, tun yaushe shika tare da mamacin?"

"Tun yana yaro. Shi yar rene shi."

"To shi na. Na ga mutuwa bisa hanyar Makka, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Baƙo in ya ishe gawa, wucewa shikai. Abokin ciniki aljihu shika dibi. Amma wanda ka rena, ko da hannunai yak kashe ka, ba shi iya ganin kanka a buɗe. Kunya ta sa shi sauka yam mai da hula."

Daga bayan asabari anka ji an tafa hannu sau ɗaya, anka yi maza anka bari.

"Wallahi Baba, ka gama littahin," in ji Yusha'u.

"Na gama." Alhaji ya juya ga Ƙasimu. "Kai kuma, takardar da ba taka ba, ka karance ta tas, ka kwaso mani ɗan doka ban aike ka ba. Ga ƙohwa."

Ƙasimu ya fita yana jan kekensa.

Alhaji ya daɗe yana duban Yusha'u. "Da anka tambaye ka rubutunka na, ga ɗan doka tsaye, ba ka musa ba. Ita kuma ta ce a tahi da ku biyu. Halliru, ku turo magabata. Amma da sharaɗi."

"Muna ji, Alhaji."

"A canza ma mamacin nan suna. Ban shirya ba tukuna."

Bayan an kwashe albasa anka ɗaura aure. Ranar da anka kai amarya, Gwaggo Habi ta kawo ƙuli-ƙuli cike da ƙwarya, ta rantse wannan karon da ganye ta naɗe.

Da jama'a sunka watse, Yusha'u ya ce, "Kyautar Allah, littahi na biyu fa? Wa za mu kashe?"

"Malam Mai Gawa, ci tuwonka tukuna."

Alhaji ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kuma ya ga amsar addu'arsa, don ya yi shekara ashirin da ɗaya bayan nan, ya goyi jikoki shida. Duk Jumu'a da hantsi sai ya aika a gaya wa surukinsa: Alhaji na nan, hula na bisa kai.