Ƙanƙara a Goshi

A shekarar da aka sassauta kullen korona, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a unguwar Setapak, can a ƙasar waje inda suke zaune. Wata da watanni ba ta fita ba, har ta haddace zanen labulen falonsu.

Ran nan Abbanta ya ce, "Gobe zan kai ki tsohuwar kwalejin jami'armu, ki ga ginin da ya girmi kakanki."

Gari na wayewa ta ji jikinta ya yi zafi rau, maƙogwaro yana ciwo. Ta yi gum da bakinta. Ta san in ta faɗa, yawo ya sha ruwa.

A hanya ta roƙi Abba ya saya mata shayi mai ƙanƙara, irin wanda ake ƙullawa a leda. Ba ƙishi take ji ba, wayo ne irin na yara. Ta manna ledar a goshi har wurin ya yi sanyi ƙalau.

A bakin ƙofa mai gadi ya auna goshinta da na'ura. "Boleh," in ji shi, wato su wuce.

Wani tsoho mai kula da ginin ne ya zaga da su. Ya nuna musu matattakalar katako da ɗakin karatu mai dogayen tagogi. Ya sunkuyo dab da ita yana nuna mata hoton ɗaliban farko.

"Ku ne baƙina na farko tun da aka buɗe," ya ce da Turanci. "'Ya'yana ba su so na dawo aiki ba, saboda ina da ciwon ƙirji."

Tari ya taso mata, ta danne, ya ƙi dannuwa. Sau uku ta yi shi cikin takunkumi.

Abba ya taɓa wuyanta. "Subhanallahi! Ke, tun yaushe?"

"Tun safe, Abba." Hawaye ya zubo mata. "Ƙanƙara na sa a goshi."

Abba bai yi faɗa ba. Ya janye ta gefe, ya faɗa wa tsohon gaskiya, ya karɓi lambar wayarsa. Sai asibiti.

Aka sa mata tsinken gwaji a hanci, aka ce su jira. Ta zauna kusa da Abba.

"Abba, in na shafa masa fa? Zai mutu?"

"Yi masa addu'a," kawai Abba ya ce.

Can likita ta fito. "Ba korona ba ce. Maƙogwaro ne ya kumbura."

Nan take Abba ya kira tsohon, ya miƙa mata wayar.

"Ka yafe mini, Baba," ta ce.

Tsohon ya yi dariya. "Na yafe mana! Ki warke ki dawo, ba ki ga bene na sama ba."

Ta ji daɗi har cikin ranta. Daga ranar ta gane cewa wanda ya ɓoye ciwonsa don jin daɗin kansa, lafiyar wasu yake wasa da ita.