Yarinya da Rokar Kakanta

A wani zamani, a wani gari na bakin kogi, an yi wata yarinya da kakanta, tsohon malamin kimiyya. Tare suka haɗa wata ƙaramar roka ta kwali, mai 'yar lema da ke sauko da ita a hankali.

Ya jera mata injuna uku, ya ce, "Kin ga haruffan jikinsu? B ya ninka A ƙarfi, C kuma ya ninka B. Filinmu ƙarami ne, amarya. A za ki riƙa sawa, ta tashi ta dawo."

Ta sa A, rokar ta tashi ta dawo. Kullum ta tashi ta dawo.

Da damina kakan ya rasu. Rokar nan ce kaɗai abin hannunsa da ya rage mata.

Ranar wata gasar harba roka yara suka taru a filin. Wata ta leƙa injinta ta yi dariya. "A? Ai na masu rarrafe ne. Ashe tsohon naki matsoraci ne."

Yarinyar ta daɗe tana juya A a tafin hannunta. Sai ta ajiye shi, ta sa C.

Rokar ta tashi, ta wuce ta kowa, yara suna tafi. Can sama lemar ta buɗe, iska ta ja ta zuwa kogi. Yarinyar ta bi ta da gudu har bakin ruwa. Tana kallo kwalin ya jiƙe, ya nutse.

Aka zo kiranta ta karɓi kyauta. Ta zauna a kan yashi, ba ta waiwayo ba.