Tabon da Osman Ya Ƙi Gogewa

Ranar da Fuseina ta fara taka shagon hoton Osman a unguwar Maamobi, rakiya ta yi. Mahaifinta, Baba Lauwali kafinta, ya tsaya takarar wakilin unguwa, ana son hotonsa na liƙawa a bango da na takardar zaɓe.

"Baba, ɗago kai kaɗan. Yauwa," in ji Osman daga bayan kyamara. "Ke kuma 'yan mata, matsa gefe, kina hana ni ganin aikina."

Ta harare shi ta matsa. Kafin wata ya ƙare kuwa, ko ido rufe ta san hanyar shagon. Shi ya ce mata Fusee tawa, ita ta ce masa Mai Hotona, har Baba ya fara amsa gaisuwarsa da fara'a.

Sai hotuna suka hau bango, daga Nima har Kanda. Abokin takarar Baba, Alhaji Gajere mai motocin haya na trotro, ya fito sumul kamar ango, shi da ya haura sittin. A ƙasan hoton ga hatimin shagon Osman. Na Baba kuwa, wayyo! Furfura, ramewa, ga ƙaton tabon goshin da kwanon rufi ya yi masa shekarar da ya shiga yashe babbar kwata.

Wata biyu Baba yana yawo gida-gida da zancen kwata da famfo, amma a bakin mai koko hoton Alhaji ake yi wa hira. Har jarida ta buga shi.

"An sayi Osman," in ji Amama, ƙawar Fuseina. "Ke kaɗai ce ba ki gani ba. Wa ya sani ma ko Alhajin ne ya turo shi ya riƙa jin sirrin gidanku?"

Baba ma ya yanke hukunci. "Wanda ya sayar da fuskata ba zai auri 'yata ba."

Fuseina ta tarar da Osman a shago, fensir a hannu, yana gyaran wata fuska a jikin fim ɗin hoto.

"Fensirin nan ƙarewa ya yi da aka zo kan mahaifina?"

"Da gangan na bar shi, Fusee."

"Da gangan! To, ka faɗa da bakinka."

Ta fice tun bai ƙara kalma ba. Washegari wasiƙa ta iso:

"Fusee tawa, rabin matan unguwar nan ba sa karanta suna, fuska suke nema. Ki ba ni zuwa ranar zaɓe. In na cuci Baba, kada ki sake kallona. Naki, Osman."

Ta karanta sau biyar tana neman inda ƙaryar take. Tana son shi, wallahi tana son shi, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ranar zaɓe tana cikin layi a makarantar firamare, sai ga Iya Awabu mai koko ta fito tana goge tawada a babban yatsa, tana mita.

"Ni kam an ce min Alhaji Gajere yana cikin takardar, na duba sama da ƙasa ban gan shi ba. Wani yaro ne dai mai santsin kumatu, ban san ɗan wa ba ne. Sai ga Lauwali da tabonsa! Na ce af, ga wanda ya shiga kwata ranar da ruwa ya ci ɗakina. Na dangwala masa."

Matan layi suka kwashe da dariya, wata ta ce ita ma yaron nan ta yi ta tambayar ko baƙo ne. Fuseina ta ja mayafi ta rufe fuska, kunya ta hana ta dariyar.

Da aka ƙirga, Baba ya ci. Amma zargi bai sake shi ba, sai da ya sa aka kira Osman zaure, Fuseina na laɓe a bayan ƙofa.

"Kai, faɗa min tsakani da Allah. Maganar kwata ce ta ci zaɓen nan, ko hotonka?"

"Baba, da ba ka shiga kwatar ba, me zan ɗauka?"

"Shi kuma Alhaji? Tarko ka ɗana masa?"

"Sau uku ina ce masa ya isa haka. Shi ya tsaya a kaina yana cewa goge nan, ƙara goge can."

Baba ya shafa goshi. "Ni ma da ka tambaye ni, cewa zan yi ka goge. Tashi ka turo min manyanka."

A soro Fuseina ta tare Osman, idonta cike da hawaye. "Na zarge ka, Mai Hotona. Ka yafe min."

"Kwana tara ban ji wannan sunan ba," ya ce. "Sake faɗa, sai in yafe."

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannunta ya danƙa wa gwaggon ango.

"Na so in raba ki da mutumin kirki, 'yata. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare gidanku daga zargi irin nawa."

Duk tsakar gidan aka amsa da amin.