Makarantar da Auta ta Zaɓa

A ɗakin taron makarantar da take karatu ya fara ganinta, ranar yaye ɗalibai. Yana durƙushe yana jona wayoyi sai ga wata budurwa ta tsaya a kansa.

"Malam, lasifikar hagu tana wani ƙugi ƙasa-ƙasa."

Shi bai ji komai ba, sai da ya kara kunnensa jikin lasifikar. Ya ɗago ya dube ta da kyau, ita kuwa ta sunkuyar da kai.

Mai Sauti ake ce masa, a wani ƙaramin situdiyon ɗaukar sauti yake aiki. Ita Auta ce a gidansu. Mahaifiyarta ta rasu, yayyenta sun yi aure, daga ita sai Baba, malamin makaranta mai ritaya. Kafin wani lokaci soyayya ta yi ƙarfi, har ya raɗa mata Kunnena, wai tana jin abin da shi ba ya ji.

Burinta ta karanci aikin sauti. Wata safiya ta turo masa saƙo:

"Mai Sautina, jami'a ta ɗauke ni, kwalejin fasaha ma ta ɗauke ni. Kai ka san aikin nan. Ina zan je?"

Jami'ar tana wani gari mai nisa, kwalejin kuwa mota ɗaya ce daga gidansu. Ya rubuta:

"Kwaleji, Kunnena. Tun makon farko hannunki zai taɓa na'ura. Jami'a sai allo da lissafi."

Ba ƙarya ya yi ba, amma bai faɗi duka ba. Bai gaya mata manyan ayyukan da suka wuce shi don ba shi da digiri ba. Bai kuma ce tsoron tafiyarta ne ya riƙe masa hannu ba.

Da ta sanar da Baba, "To" kawai ya ce. Ya riga ya gama gaya wa abokansa autarsa za ta jami'a. Daga ranar ya daina fita hira ƙofar gida, abincinsa ma rabi yake ci. In ta kwashe kwanon sai ta tsaya a kicin tana share hawaye. Ga shi ya ce wanda ya juya mata kai kada ya sake tako masa gida.

"Ni na sa Baba ya koma haka," ta rubuta masa. "Ko dariya ya daina."

Mai Sauti ya karanta, ya san da hannunsa a ciki. Washegari ya same ta a bakin kwalejin da ta riga ta fara zuwa, ta fito da igiyar makirufo a kafaɗa.

"Kunnena, shawarar da na ba ki da son kaina a ciki. Ba na son ki yi nisa ne. Digiri yana buɗe ƙofofi, ni shaida ne, na ɓoye miki."

Ta gyara igiyar a kafaɗarta ta dube shi.

"Ka ɗauka da saƙo ɗaya zan yanke rayuwata? Na je na ga jami'ar da idona, na tambayi ɗalibansu. Na zaɓi nan don nan nake so. Amma da ka faɗa min gaskiya, da na fi jin daɗi."

Ta wuce ta bar shi tsaye. Ta yi kwanaki ba ta ɗaga wayarsa.

Ya tattara ƙarfin hali ya je wajen Baba, ya durƙusa a bakin tabarma ya maimaita masa komai. Baba ya cire tabarau yana gogewa.

"Ka yi laifi. Amma ni ma ban taɓa tambayarta me take so ba. Abin da zan gaya wa abokaina nake dubawa."

Auta tana bayan labule tana ji. Ta shigo riƙe da 'yar rediyo, ta kunna. Wani tsohon kaset ne mai muryar mahaifiyarta da ya lalace, ta kai kwaleji ta yi ta tace shi a ɓoye har murya ta fito tas. Marigayiyar ce take wa Baba tsiya kan ya manta gishiri a kasuwa. Baba ya yi dariya, sannan ya rufe fuska da hannun riga.

"Baba, ka yafe min. In na gama zan ɗora digirin."

"In kina so ki yi, Auta, ba don ni ba." Ya juya ga Mai Sauti. "Kai kuma ka turo manyanka. Sharaɗina ɗaya: ko tafiya ce za ta raba ku, ka gaya mata gaskiya."

Mai Sauti na fita saƙonta ya shigo: "Na huce, amma saura kaɗan."

Bayan ta kammala aka ɗaura aure. Baba ya kama hannunta ya damƙa wa Mai Sauti.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Suka amsa da amin tare, Auta na kuka, Baba na ce mata ya isa haka.