Sandar Fatsar Likita

Ranar Alhamis da ƙarfe uku na rana aka kawo wa Sajan ƙarar satar sandar kamun kifi. Da farko ya ɗauka raha ce. Shekara talatin yana sanye da kaki, ya bi sawun ɓarayin mota da masu fasa shaguna, amma bai taɓa buɗe littafi a kan sanda ba. Sai dai mai ƙarar tsohon likita ne, wanda rabin garin sun taɓa kwanciya a gabansa, har da Ogan ofishin. Dole Sajan ya ɗauki hularsa.

Shagon da aka ce an yi satar yana can ƙarshen wani lungu da ba ya ɓullewa. Mai shi dattijo ne siriri, kowa Mai Fatsa yake kiransa. Aikinsa ke nan tun yana saurayi: ya tsaga gora shida, ya fere, ya manne su su zama sanda ɗaya, ya ɗaure mata zobban da igiya ke bi da zaren siliki, sannan ya shafe ta da man sheƙi don kada ruwa ya shige ta. Ba ya yi wa kasuwa. Sai ya auna hannun mutum, ya ji irin kifin da yake nema a tafki, sannan ya yi masa tasa. Ciki akwai teburin aiki, benci ɗaya, kofunan shayi biyu a kife, da ƙofar wani ɗan ɗaki inda yake kwana shi kaɗai.

"Wata bakwai ina jiran sandar nan," in ji Likita, yana huci. "Jibi Asabar zan karɓa. Injin naɗin igiyar da ke jikinta na marigayi wana ne, shi kaɗai ya rage mini nasa. Ɗazu wai sai ga waya, an sace, in yi haƙuri za a fara wata. Haƙurin me?"

Sajan ya juya ga dattijon. "Yaushe ka fita, Baba?"

"Ƙarfe tara. Na je ƙetaren gada neman gora."

"Ka samo?"

"Ban ga mai kyau ba."

"Ka dawo yaushe?"

"Biyu ta gota. Na tarar da kwado a buɗe, sanda babu."

Sajan ya jujjuya kwadon. Ba a fasa shi ba, ko ƙwarzane babu. A gefen taga wasu sanduna uku suna kwance a kan katako mai tsaga-tsaga, suna ƙyalli. Ya kai hannu.

"Kul!" Dattijon ya daka tsawa. "Bai bushe ba. Da safen nan na shafa musu mai kafin in fita."

Nan ne kaɗai muryarsa ta ɗaga. Da aka tambaye shi wa ke da makulli bayan shi, sai da Likita ya maimaita tambayar sau biyu kafin ya ce, can ƙasan maƙoshi, maƙwabcinsa mai gyaran agogo yana ajiye masa ɗaya.

Ba Sajan ne ya kama Mai Agogo ba. Yana can yana rubuta bayani, Kofur ya shiga shagon mutumin ya fito da makullin da wani ƙullin jan zaren siliki, irin na sandar Likita sak. Kafin rana ta faɗi Mai Agogo yana bayan kanta. Oga ya ce magana ta ƙare, ranar Litinin a kai shi kotu. Mutumin da jama'a ke bar wa agogunansu su tafi, in aka kira shi ɓarawo a gaban alƙali, ko an sake shi sana'a ta mutu. Sajan ya san haka, kuma abin bai kwanta masa ba.

Da safiyar Juma'a ya sa aka fito da shi. Gajere ne, mai furfura, idonsa na dama ya ɗan ƙanƙance saboda shekarun leƙa cikin agogo.

"Zaren nan fa, Malam?"

"Mai Fatsa ya ba ni. Maɗaurin tabarauna ne ya tsinke."

"Jiya daga tara zuwa biyu kana ina?"

"A kan kujerata."

"Bango ɗaya ne tsakaninku. Ka ji motsi?"

Mai Agogo ya dubi tafin hannunsa.

"Malam, kotu za a kai ka. Ka ji motsi ko ba ka ji ba?"

"Ban ɗauki sanda ba, ranka ya daɗe. Ni ko kifin ma ba ya burge ni."

Daga nan bai ƙara ko uffan ba. Sajan ya sha ganin ɓarayi, kuma ɓarawo bakinsa ba ya hutawa: ya rantse, ya kira shaidu, ya ambaci uwarsa mai ciwo. Wannan kuwa shirunsa na wanda ya san wani abu ne ya danne.

Cire Likita daga zargi bai ɗauki lokaci ba. Ranar Alhamis yana gidan 'yarsa tun safe, mutum biyar sun gan shi, kuma ba wanda ke sace abin da za a miƙa masa jibi. Saura Dogo, mai shagon kayan kamun kifi a bakin lungun, wanda ke sayar da sandunan kamfani, wanda kuma kowa ya ce ba sa ga maciji da Mai Fatsa.

Sajan ya same shi zaune, ƙafa ɗaya cikin filasta an ɗora ta a kan kwali.

"Ni?" Dogo ya kwashe da dariya. "Da wannan ƙafar? Oga, bayan gida ma sai an tallabe ni. In ka ga gurgu ya gudu da sanda mai taku takwas, ka kira ni in yi kallo."

"Ka ga wanda ya shiga lungun jiya?"

"Masu kawo agogo biyu, sun fita hannu rabbana."

"Mai Fatsa fa, ka ga fitarsa?"

"Ban lura ba. Ƙofarsa dai a rufe na hango ta. Amma shi dama ran shafa mai rufewa yake, don kada ƙura ta sauka a kai."

"Ka san aikin, ashe."

"Wata huɗu na yi a hannunsa ina matashi, na tsere. Ba ferewar ce ta kore ni ba, juyin ne." Ya jawo wata tsohuwar sandar gora daga bayansa. "Duba nan, ƙasan zoben. Ka ga wannan tumbin? Man ne ya gangaro gefe ɗaya ya daskare. In ka shafa mai, sai ka zauna kana juya sandar duk bayan kwata, har awa huɗu, kafin ya kama jikinsa. Ka yi gyangyaɗi sau ɗaya, ta yi ciki. Ni kuwa Allah bai yi ni da zaman makoki ba."

Sajan ya shafa tumbin da babban yatsa. "Sanda ɗaya takan ci wata nawa?"

"Wata? Sati uku in ta yi nisa. Ta Likita ce dai ta zama aikin gada. Yau a ce mariƙi ya yi kauri, wani sati a ce zobe ya karkace, a zo a sake awo. Duk Asabar Likita na nan tun hantsi, su sha shayi su yi ta labarin tarwaɗar da ta tsinke igiya shekara arba'in da suka wuce. Daga nan nake jiyo dariyar tsohon. Sauran kwanaki shida kuwa ko tarinsa ba ka ji."

Sajan ya koma ɗakinsa na bariki da rana tsaka, ya ci abincin da ya sayo a leda, a tsaye, kamar kullum. Iyalinsa suna wani gari mai nisa, yaran sun girma, wayarsa takan yi kwana uku ba ta yi ƙara ba. Ya riga ya gane wanda ya ɗauke sandar, kuma ya gane dalili ba tare da wani ya fassara masa ba. Wannan ganewar ce ta fi ba shi haushi, domin tausayi yake ji inda ya kamata ya ji fushi. Ya ba dattijon yinin nan cur, ko zai kawo kansa. Bai zo ba.

Ranar Asabar da hantsi ya shiga lungun. Mai Fatsa na zaune a kan bencin, hannu a cinya, ba ya aikin komai. Sajan ya gaishe shi, ya wuce wurin sandunan uku. Sun bushe. Ya ɗauki ɗaya, ya kai ta hasken taga, ya murza ta a hankali tsakanin yatsunsa, daga mariƙi har tsini. Haka ya yi wa ta biyu da ta uku.

"Aiki ya yi kyau, Baba. Sumul, ko'ina daidai."

"Na gode."

"Ka ce ka shafa musu mai ka fita ƙarfe tara, ba ka dawo ba sai bayan biyu. Wa ya juya su?"

Sajan ya mayar da sandar kan katakon.

"Ko dai ɓarawon ne ya zauna awa huɗu yana juya maka sanduna duk bayan kwata, sannan ya ɗauki ta Likita ya tafi, ko kuma ba ka je ko'ina ba. Ba a fasa kwado ba domin ba a kulle shi ba, kana ciki ka sa sakata. Ba ka dawo da gora ba domin ba ka je nema ba. Sandar sati uku ka ja ta wata bakwai, dabarun awo suka ƙare, ya zama yau Likita zai ɗauki kayansa ya daina zuwa. Sai ka ce an sace, don a faro daga farko."

Can dattijon ya ce, "Da na bar su sun lalace, da ka yarda da ni?"

"Wataƙila."

"Na yi tunanin haka bayan na yi wayar. Amma aikin gama ya gama, na riga na juya su. Ko da na tuna tun da safe ma, ba na jin hannuna zai yarda." Ya tashi da ƙyar, ya shiga ɗan ɗakin, ya janye labulen da ke bayan ƙofa. Sandar na rataye a miƙe, naɗe cikin farin ƙyalle, injin naɗin yana jikinta. "Ban san zai kai ni wurinku ba. Na ɗauka zai yi faɗa, ya huce, ya dawo Asabar. Tun da uwar gidan nan ta rasu, ɗana, ba mai zama a bencin nan sai shi."

"Akwai wanda ya kwana biyu a kan siminti saboda kai."

"Na sani."

"Ka sani, ka zauna."

"Sau uku ina sa takalmi in zo wurinku," in ji dattijon. "Kunya ce ta mayar da ni."

Suna haka Likita ya iso, domin Sajan ya aika masa. Ya saurari bayanin a tsaye daga bakin ƙofa. Ya karɓi sandar, ya warware ƙyallen, ya duba injin wansa. Sajan ya tambaye shi ko zai ci gaba da ƙara.

"A rufe ta," in ji Likita. Ya dubi Mai Fatsa. "Da ka ce mini in riƙa zuwa, da na zo. Ni ma ba wani wurin zuwa gare ni ba. Amma ka bari na sa an kulle bawan Allah da bakina." Ya saɓa sandar ya fita, bai waiwayo ba.

Oga ya ce ƙarar ƙarya laifi ce, ya kuma ce shi ba zai ja tsoho kotu a kan gora ba, a yi masa kashedi a rubuce. Sajan da kansa ya buɗe wa Mai Agogo, ya miƙa masa hularsa da tabaraunsa, ya raka shi har bakin titi.

"An ga sandar, Malam. Ba a sace ta ba. Maƙwabcinka ne ya ɓoye."

"Na san yana ciki ranar," in ji Mai Agogo. "Katakon nan nasa yana ƙara in ya juya sanda. Duk kwata. Shekara ashirin da shi nake gwada agogunan mutane."

"Shi ne ka yi shiru har kwana biyu?"

"Na ce ko wata matsala ce ta same shi, bari in ba shi lokaci ya zo ya faɗa da bakinsa." Ya goge tabaraun da gefen riga. "Me ya sa ya yi haka? Sayarwa zai yi?"

Sajan ya so ya yi masa ƙarya, amma bai samu wadda za ta shiga ba.

"A'a. Don Likita ya ci gaba da zuwa ne. Ya ce ba shi da wanda zai zauna su yi hira."

Mai Agogo ya tsaya cak da tabaraun a hannu. Kwana biyu a kulle fuskarsa ba ta canza ba, sai yanzu.

"Ba shi da kowa," ya ce a hankali. "Haka ya ce?"

Sajan ya gyaɗa kai.

"To ni fa, ranka ya daɗe? Kullum sai na ce masa ina kwana. Ni ban iya hira ba ne kawai."

Ya maƙala tabaraun, ya tsaya yana duban hanya kamar baƙo. Sajan ya ce bari ya tsayar masa da abin hawa zuwa shago.

"Bar shi," in ji Mai Agogo. "Yau ba zan buɗe ba."