Keken da Ba Ya Ƙara

A barandar asibiti ya fara ganinta, ta shigo a guje da takalmi ɗaya a hannu, tana tambayar inda aka kwantar da babanta.

"Wannan bawan Allah ne ya kawo shi," in ji ma'aikaciyar jinya.

Ta juyo ta dube shi da idanu jajaye. "Allah ya saka maka da alheri. Ka ga wanda ya buge shi?"

Saurayin, wanda ake kira Injiniya, ya san amsar. Ya girgiza kai kawai.

Shi ne ya buge shi. Da keke mai ƙafa uku ne, wanda ya haɗa da hannunsa, mai aiki da batir. Cajin safe yana kai shi yamma, ba hayaƙi, ba ƙara, kujerar baya ta ɗauki mutum uku da kayansu. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa shirun. Bai taɓa tunanin akwai mai tsallaka titi da kunne ba. Baban nata kuwa makaho ne. Ya saurara, ya ji tsit, ya sa ƙafa.

Wata uku Injiniya yana zuwa dubiya, har dubiyar ta koma zance. Ta sa masa suna Mutumin Kirki, sunan da ke sukar sa duk lokacin da ta faɗa.

Wata safiya ta turo masa saƙo: "Mutumin Kirki, Baba ya ce ka turo manya. Ɗan abokinsa ma ya nema, na ce masa an riga shi. Ka yi murmushi mana."

Bai yi murmushin ba. Ya je gidan, ya durƙusa a gaban tsohon, ita tana bakin ƙofa da tire.

"Baba, ni ne na buge ka. Kekena ne."

Ta ajiye tiren a hankali. "Wata uku kana zaune ina zagin mutumin a gabanka?"

"Tsoro na ji, Sanyin idona. Daga baya kuma tsoron rasa ki."

"Tashi ka tafi," in ji tsohon. "Da a ranar ka faɗa, da tuni na manta."

Sati biyu ba ta amsa kiransa ba. Kunya ta hana shi cin abinci. Ya shige gareji, ya ƙera ƙaramar na'ura mai fitar da sauti duk lokacin da keken ke tafiya, sannan ya rubuta mata: "Ban cancanci ki amsa ba. Amma kekuna goma na sayar, duk shiru suke yawo a titi. Ina roƙon Baba ya ara min kunnensa."

Da aka karanta wa tsohon, sai ya ce a fito masa da kujera ƙofar gida.

Nan fa Injiniya ya ga ta kansa: yana tuƙo keken, tsohon yana kushe sautin. "Wannan kukan sauro ne, sake." "Wannan kuma sai ya tada jariri." Sauti bakwai ya ƙi. A na takwas ya ɗaga sanda ya nuna keken tun yana can kwana.

"Je ka sa wa sauran goman, sannan ka turo manyanka."

Ita kuwa sai da ta ƙara ja masa rai na kwana huɗu kafin saƙonta ya shigo: "Na huce. Amma sunan nan sai ka sake neman sa da guminka."

Ranar ɗaurin aure tsohon ya miƙa wa Injiniya hannunsa da ya karye a hatsarin. Yatsun sun ƙi rufuwa, kuma likita ya ce haka za su zauna. Hawaye ya zubo wa ango a gaban jama'a.

"Daina kuka," in ji tsohon. "Ni yanzu hannun nan ba ya iya riƙo. Kai ka riƙe min ita da kyau. Allah ya yi muku albarka."